Kira ne, ko zafin falkaswa ne?

Mai Walda:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Na daɗe a wannan zaure ina karantawa ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Shekarata 41, walda nake yi a Kaduna, ina da mata da yara huɗu. A cikin ikkilisiya aka haife ni, kakana yana cikin waɗanda suka fara tuba a ƙauyenmu, can kudancin Katsina. An yi mini baftisma ina ɗan shekara 16, na yi ƙungiyar mawaƙa, yanzu ina cikin kwamitin gini. Sau uku a rayuwata na fita gaba don tuba a taron falkaswa, wato taron farkar da masu bi. Kowane karo nakan yi kuka, in yi mako biyu ko uku ina tashi addu'ar asuba, daga nan sai in koma gidan jiya: zafin rai, riƙo, da bakin da bai iya cewa "na yi laifi" ba.

Wata biyar ke nan wani mai bishara ya zo majami'armu ya ba da rahoto. Ya ce akwai ƙauyuka inda masu bi suke taruwa a gindin itace, ba wanda zai karanta musu Littafi. Tun ranar ban sami sukuni ba. Ina riƙe da ƙarfe ina jin maganar, in na kwanta ina jin ta. Zuciyata tana ce mini in sayar da shago in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki. Matata ta ce ba za ta hana ni bin Allah ba, amma ita ba ta ga alama ba tukuna.

Tambayata biyu ce. Yaya mutum zai gane kiran Allah ne, ba zafin taro ba? In kuwa kira ne, me ya sa wanda ake kiran bai canja ba?

Ɗan Sabon Rai:
Yaya, me kake jira kuma? Bitrus da Andarawas nan take suka bar tarunansu, duba Matiyu 4:20. Lawi daga wurin karɓar haraji ya tashi. Wanda ya ce a bar shi ya je ya binne mahaifinsa tukuna, ka san amsar da ya samu a Luka 9. Wata biyar fa! Shaiɗan ba ya ɗora wa mutum nauyin rayukan da suke hallaka. Canjin da kake nema yana cikin biyayyar. Shawulu da takardun kama masu bi ya tashi daga Urushalima, amma a Dimashƙu ɗin nan ya fara wa'azin Yesu. Ka tashi, Allah zai gyara sauran a hanya.

Maman Zumunta:
Allah ya sa albarka ɗana da ka faɗi gaskiyar halinka. Muna yi maka addu'a. Amma ka tambayi matarka wace alama take nufi? Mata ba sa faɗin irin wannan magana a banza.

'Yar Mai Bishara:
Bari in yi magana a matsayin wadda ta girma a gidan da ake son kai yaranka. Babanmu ya yi aikin bishara shekara 29 a ƙauyuka biyar. Ina alfahari da shi, kuma har gobe in na je wuraren nan akwai tsofaffin da suke kama hannuna suna kuka saboda shi. Amma kira ɗaya aka yi masa, mu bakwai muka ɗauka. Mamanmu ce take niƙa, ita ce take zuwa rafi, ita ce take dafa wa baƙin da ba a san da zuwansu ba. Akwai watannin da ɗan abin da ake aiko wa Baba bai iso ba, sai abin da masu bi suka kawo na baiko, mudun dawa, ƙwai, wani lokaci kabewa. Yayana ya rasa shekara biyu a makaranta. Ƙanwata kuwa zazzaɓi ya ɗauke ta da damina, rafi ya cika, ba hanyar asibiti.

Abin da ya riƙe gidanmu shi ne Mama ta yarda da kiran da bakinta tun kafin a tashi. Ko sau ɗaya ban taɓa jin ta ce "kai ka jawo mana" ba. Na ga wasu gidajen masu bishara inda aka ja matar kamar akuyar da za a kai kasuwa, yaran suka tashi suna jin haushin Allah. Don haka ɗan'uwa Ɗan Sabon Rai, kana da aure? Ba da raini nake tambaya ba. Bitrus ɗin da ka ambata yana da mata, kuma Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 9:5 tare da ita yake yawo.

Ban ce kada ka tafi ba, Mai Walda. Cewa na yi ka saurari wadda take kwana ɗaki ɗaya da kai.

Ɗan Sabon Rai:
Ba ni da aure tukuna, Anti. Amma in kowa zai jira sai matarsa ta ga alama, da bishara ba ta iso gare mu ba.

Ɗan Kasuwa:
Ku yi mini haƙuri zan taɓa inda ba a so. Na ga mutane da yawa da kira ya same su daidai lokacin da jari ya karye. Masu walda yanzu ba wuta, mai ya yi tsada. Malam, yaya shagon yake? Ka faɗa mana gaskiya, don in gudu ne daga wahala, wahalar da ke gaba ta fi.

Mai Walda:
Ban ji haushi ba, tambaya ce mai kyau. Shago lafiya lau. Ina da babban janareta nawa, yara huɗu suna koyon aiki a hannuna, ƙofofi da tagogin da aka ba ni ma ban gama ba. Da kasuwa ce ta mutu da na gane kaina. Mama, na tambaye ta jiya da dare. Shiru ta yi, daga baya ta ce, "Ka san abin da nake nufi."

Malamin Tauhidi:
Gaisuwa a cikin sunan Yesu. Shekaru da dama ina koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, ni nake zama da masu neman shiga, don haka wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurina.

Da farko ina so mu karanta labarin Bulus, wato Shawulun da aka ambata, har ƙarshe, don yawancinmu a Ayyukan Manzanni 9:20 muke tsayawa. Gaskiya ne ya fara shaida a Dimashƙu nan da nan. Amma kafin nan kwana uku ya yi ba gani, ba ci, ba sha, hannu aka ja shi aka shigar da shi gari. Yesu da ya yi magana da shi daga sama bai gaya masa duk aikin a kan hanya ba, cewa ya yi ya shiga gari za a faɗa masa. Wa aka aiko? Hananiya, ɗaya daga cikin mutanen da ya zo kamawa. A Galatiyawa 1 shi da kansa ya ce ya tafi Arabiya, sai bayan shekara uku ya je Urushalima ya yi kwana 15 wurin Bitrus. Daga nan aka mai da shi garinsu Tarsus, ya zauna can shekaru, sai da Barnaba ya je ya nemo shi. Suka yi shekara guda suna koyarwa a Antakiya. Sa'an nan ne, a sura 13, ikkilisiya tana sujada da azumi, Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu. Ku lura, ikkilisiya aka gaya wa, ita ta ɗora musu hannu ta sallame su.

Sama'ila ma sau uku yana jin murya yana gudu wurin Eli. Tsohon da idonsa ya dushe, wanda ya kasa riƙe 'ya'yansa, shi ne ya gane Ubangiji ne yake kiran yaron.

To ga abin da nake gaya wa ɗalibai. Akwai kiran da aka yi wa kowane mai bi, wato ka zo wurin Almasihu, ka zama kamarsa. Akwai kuma kiran aiki, wane fasto, wane mai bishara. Mutane da yawa suna so su tsallake na farko su kama na biyu, suna zaton makaranta za ta yi musu abin da tuba ba ta yi ba. Makaranta takan ba mai zafin rai Helenanci da Ibrananci, ya fita da zafin ransa, sai dai yanzu yana da mumbari. Na gani da idona, kuma ikkilisiyoyi sun sha wuya a hannun irinsu.

Game da tambayarka ta biyu, kada ka yanke ƙauna don ka fita gaba sau uku. Bitrus ya bar taru nan take, amma bayan shekara uku da Yesu ya yi musun saninsa sau uku a dare ɗaya, bayan Fentikos ma sai da Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a a Antakiya saboda ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. A 2 Korantiyawa 5:17 an ce wanda yake cikin Almasihu sabuwar halitta ne, a 3:18 na wasiƙar nan kuma an ce ana ta sāke mu daga ɗaukaka zuwa ɗaukaka. Duka biyun gaskiya ne.

Ɗan Sabon Rai:
Malam, da girmamawa, wannan koyarwar ce ta sa ikkilisiyoyinmu suka yi sanyi. Kullum a jira, kullum kwamiti. A 1893 samari uku Turawa masu bishara suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wata babbar ƙungiya a bayansu. An gaya musu ba za su kai cikin ƙasa ba. Da sun jira kwamiti da babu ikkilisiyar ECWA yau.

Ɗan Wusasa:
Ƙanena, ka faɗi rabin labarin. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tashar mishan a Pategi a 1902. Shekara tara ke nan tsakanin amsa kira da kafa bukka ta fari. Mu nan Zariya, Likita Miller, Bature ɗan mishan, ya zauna cikin birni tun 1905, aka koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai 1932 ya fito. Ina tare da kai cewa akwai ranar da mutum zai tashi ko ba a ba shi goyon baya ba. Amma labarin nan bai nuna gaggawa ita ce bangaskiya ba. Abin da ya nuna mini shi ne kiran gaske ba ya ruɓewa don an yi shekara. Zafin taro ne ba ya kai wata guda.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, na karanta duka a hankali, jikata ce take rubuta mini. Kuna ta gardama a kan ya tafi ko kada ya tafi. Ni kalma ɗaya na tsinta a maganarsa ta farko, ba wanda ya taɓa ta. Ya ce riƙo. Ɗana, riƙo da wa? Ruwa ba ya tsami banza. Matarka ta ce ka san abin da take nufi. Ba dole ka faɗa mana ba, amma dole ka faɗa wa kanka.

Mai Walda:
Baba, kwana biyu ina rubutawa ina gogewa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Da ya rasu ya bar gonar tudu da fadama. Ƙanena ne yake zaune a gida yana noma, shi yake riƙe da tsohuwarmu. Shekara shida da suka wuce na je na sayar da fadamar ba da saninsa ba. Ni ne babba, takarda tana hannuna, na gaya wa mai saye mun yi shawara. Da kuɗin na sayi janaretan nan da na faɗa muku, na kama shago. Na ce a raina zan ba shi rabonsa in aiki ya kankama. Da ya ji sai ya zo Kaduna, muka yi kaca-kaca a gaban yaran shago, na gaya masa maganar da ba a gaya wa ɗan'uwa. Tun daga ranar ba mu sake magana ba. Fadamar nan da ita yake noman rani, tumatir da albasa. Yanzu in rani ya yi sai ya tafi ƙwadago. An haifa masa yara biyu ban je suna ba. Kuɗin tsohuwa ta hannun direba nake aikawa.

Duk shekarun nan ina cin Jibin Ubangiji. In an tambaye ni sai in ce ɗan saɓani ne na gado.

Maman Zumunta:
Wayyo. Yesu ka yi mana jinƙai. Ɗana, na gode wa Allah da ya buɗe bakinka.

Ɗan Kasuwa:
To ai magana ta ƙare. Wannan ba kira ba ne, lamiri ne yake damunka, kai kuma kana so ka biya Allah da aikin bishara maimakon ka biya ƙanenka.

'Yar Mai Bishara:
A'a, kada mu yi saurin yanke hukunci haka. Wa ya ce Allah ba ya kiran mai laifi? Musa da jinin Bamasare a hannunsa aka kira shi.

Ɗan Sabon Rai:
Ni ma abin da zan ce ke nan. Kuma a Luka 12 wani ya zo ya ce wa Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya ce wa ya naɗa shi alƙali. Maganar gona maganar duniya ce. Ya roƙi gafara wurin Allah, jinin Yesu ya isa, ya kira ƙanensa a waya ya ba shi haƙuri, ya ci gaba.

Malamin Tauhidi:
Ɗan'uwana, ka karanta aya ta 15 a wurin. Abin da Yesu ya ja kunne a kai shi ne kwaɗayi, daga nan ya ba da misalin mai arzikin da ya rushe rumbunansa. Ba za a ɗauki wannan aya a rufe bakin wanda aka cinye wa gado ba. Jinin Yesu ya isa, ba na jayayya ko kaɗan, ba a sayen gafara da fadama. Amma duba abin da gafara ta yi wa Zakka a Luka 19. Ba wanda ya ce masa ya biya. Da Yesu ya shiga gidansa, shi da kansa ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuwa zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan magana ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan.

Sai Matiyu 5:23 da 24. Kana gaban bagade da baikonka, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka. Ba a ce kai kana da magana a kansa ba, shi ne yake da ita a kanka. An ce ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo ka miƙa. Mai Walda, baikon da kake so ka miƙa shi ne ranka da sana'arka. Ba a ce ka kwashe shi ka tafi da shi ba. An ce ka ajiye, ka je, ka dawo.

Shi ya sa ban yarda da Ɗan Kasuwa ba. A ganina murya ɗaya ce. Wanda ya sa maka nauyin ƙauyukan da ba mai karanta musu Littafi shi ne yake nuna maka ƙauyen da za ka fara zuwa.

Baba Dattijo:
Malam ya faɗa. Bari tsoho ya ƙara da labarin da na fi so.

Yakubu ya cuci wansa Isuwa, ya gudu, ya yi shekara 20 a gidan Laban. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tara garke. Sai Allah ya ce masa ya koma ƙasar kakanninsa, yana tare da shi. Kira ne sosai, ba shakka a ciki. Amma a kan hanyar akwai Isuwa da mutum 400. Allah bai ce masa ya zaga ta wata hanya ba.

Ku duba Farawa 32. Ya raba jama'arsa kashi biyu don tsoro. Ya tura kyauta gaba, awaki 200, tumaki 200, raƙuma masu shayarwa 30, shanu, jakuna, garke bayan garke. Ya haye da iyalinsa rafin Yabbok, ya saura shi kaɗai. A daren nan aka yi kokawa da shi har asuba. Abin da yake taɓa ni shi ne tambayar da aka yi masa: mene ne sunanka? Shekara 20 baya mahaifinsa makaho ya yi masa irin wannan tambaya, ya ce shi ne Isuwa. A wannan dare ya ce Yakubu. Da ya faɗi sunansa na gaskiya sai aka ba shi sabo. Rana ta fito yana ɗingishi, kuma da ɗingishin nan ya je ya sunkuya har ƙasa sau bakwai a gaban ɗan'uwansa.

Ɗana, sau uku ka fita gaba kana kuka, amma sunan da kake bayarwa shi ne "ɗan saɓani na gado". Yau ka faɗi sunan abin. Ni dattijo ne shekara 30 da ɗoriya, na zauna shari'ar gona ba adadi. Ban taɓa ganin waya ta gyara irin wannan ba. Zumunci a ƙafa yake. Ka je da kanka. Kada ka je da fasto a karon farko, kada ƙanenka ya ga kamar an zo a danne shi da ayoyi. Ka nemi baffanku ko wani babba na dangi da yake jin nauyinsa. Kada ka ce "in na ɓata maka rai". Ka ce na sayar da abin da ba nawa ni kaɗai ba, na yi wa mai saye ƙarya, na zage ka. Kada kuma ka ambaci maganar makarantar Littafi ko da wasa, don zai ce ashe takardar shaida ka zo nema.

Kuma ka shirya zuciyarka, Isuwa ya rungumi Yakubu, amma ba a yi maka alkawarin naka zai yi haka ba.

Ɗan Maraɗi:
Salama daga Nijar. Ina bin maganar tun farko. Abu ɗaya nike so in ƙara don gaba, bayan an gama da na gida. Mi ya sa sai ka saida shago? A nan wajenmu mun ga abin da asibitin mishan na Galmi ya yi tun 1950, mutane da yawa ba su taɓa shiga majami'a ba amma sun san hannun masu bi a kan ciwonsu. Ƙauyen da ba zai karɓi mai wa'azi ba zai yi murna da mai walda. Amalanke ta karye, garma ta karye, injin ban ruwa ya tsage, sai an kai birni. Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da matarsa, ran Asabar ya shiga majami'a. Wataƙila ƙarfen da kake riƙe da shi sa'ad da kake jin maganar, ba cewa aka yi ka aje shi ba.

Ɗan Sabon Rai:
Na ji, Baba. Na karɓi gyara a kan maganar waya. Amma ina roƙo kada maganar ƙauyukan nan ta mutu a nan. Har yanzu suna gindin itace.

Malamin Tauhidi:
Ba za ta mutu ba. Kai ma da kake da wannan wuta, ba mata ba yara, ka taɓa zama da dattawan ikkilisiyarku a kan naka kiran? EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ECWA, tana aika 'yan ƙasa tun 1948, ba ta daina neman ma'aikata ba.

Ɗan Sabon Rai:
Ban taɓa ba, Malam. Ku sa ni a addu'a.

Mai Walda:
Iyayena, mako uku ke nan, na dawo in ba ku labari.

Na je ranar Juma'a, na kwana gidan baffanmu, da safe muka tafi tare. Tsohuwa ta gan ni ta rufe fuska da zane. Ƙanena yana gyaran rumbu. Baffa ya kira shi, ya zo ya zauna a bakin tabarma bai dube ni ba. Na faɗi abin da Baba Dattijo ya ce in faɗa, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ba. Ban san zan iya durƙusa wa ƙanena ba sai da na ga gwiwata a ƙasa.

Bai rungume ni ba. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Shekara shida, sai yau?" Ya faɗi abubuwan da ban sani ba. Ashe akwai ranin da ya tafi ƙwadago matarsa ta yi ɓari, ba kowa a gida sai tsohuwa. Ashe ya daina zuwa sujada shekara huɗu, ya ce ba zai zauna a inda ake kiran irina ɗan kwamiti ba. Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Ina can ina kukan ƙauyukan da ban sani ba, ga wanda na kora daga majami'a da hannuna, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na fito da kuɗin da na je da su, ya ce in mayar aljihu, shi ba kuɗi aka raba shi da su ba, ƙasa ce. Mun je wurin wanda ya saya, ya ce ba zai sayar ba, ya riga ya haƙa rijiya ya sa inji. Baffa ya ce akwai wata fadama a gaba kaɗan da masu ita suke neman kuɗi, amma farashin ya ninka na da sau da yawa. Na yi lissafi, sai na sayar da babban janareta da ɗaya daga cikin injinan walda, in koma ƙarami, watakila in sallami yara biyu. Ƙanena ya ce ba zai ce komai ba sai ya gani, in dawo bayan an gama girbi.

Da zan tafi ranar Lahadi da yamma, na ɗauki jakata sai ya karɓe ta daga hannuna. Ya raka ni har bakin titi, tafiyar kusan rabin awa, bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Da mota ta zo ya sa jakar a ciki ya juya.

Matata ta ce in za a koma da ita za a je, da yaran duka, su ga 'yan'uwansu. Maganar makaranta ban ajiye ta ba, har yanzu ina jin ta, amma na gaya wa fastonmu komai, na kuma ce a cire ni daga kwamitin gini sai na gama wannan. Wanda ya san mai neman janareta babba a Kaduna ya yi mini magana ta gefe.

Maman Zumunta:
Ina karantawa hawaye na zuba. In za ku je ka sa matarka ta riƙa wa matar ƙanenka turmin zane da sabulu, ta kuma yi mata jaje na ɓarin nan, ko da ya daɗe.

Baba Dattijo:
Madalla, ɗana. In za a sayi fadamar, a je da mai unguwa da shaidu daga dangi, a taka iyaka a gabansu, a rubuta takarda da sunan ƙanenka shi kaɗai. Yaran shagon da za ka sallama kuma ka nema musu wani ubangida tun yanzu, kada su tashi a banza. Yaushe ne girbin dawa a wajenku?

Mai Walda:
Ƙarshen Nuwamba, Baba. Zan je tun ana yanka, in taya shi ɗaurin dami.